Akwatunan Mai Kunne

Duk layin an san Mai Kunne, kuma ba don kunnen nasa ya fi na kowa girma ba. Mutum ne da in ka karanta masa shafi guda zai ce maka, "Koma layi na uku, ka haɗiye yawu a tsakiyar kalma." Ka yi ta rantse-rantse, ya mayar maka da naɗin, sai ka ji abinka ƙut, ka ja bakinka ka yi shiru. Shekara talatin da ɗoriya yana sana'ar naɗar murya a wani ɗaki da ke saman shagon tela. Masu talla na zuwa, masu karanta littattafai na zuwa, haka malaman da ke son a naɗi darussansu. Bangon ɗakin duk kwalin ƙwai ne da tsofaffin barguna, tagar kuma ya toshe ta da katifa saboda hon ɗin masu motoci.

Abin da ke sa mutane hawa wannan matsattsen bene ba kyan ɗakin ba ne. Wata ƴar manhaja ce ta gyaran murya, irin wadda ake maƙalawa a jikin babbar manhajar naɗi, masu sana'ar suna ce mata fulogin. Ba saya ya yi ba, shi ya gina abarsa. Kada kuma ka zaci Mai Kunne ya iya rubutun nan na masu kwamfuta. Ina! Akwai wata tsohuwar manhajar gini da ba a rubutu a cikinta, zane ake yi. Ka ajiye akwati a allo, ka ja waya daga gindinsa zuwa kan wani akwatin. Murya ta shiga ta sama ta bi wayoyi, wannan akwatin ya rage mata tsaki, wancan ya danne ihu, wani ya ɗago raɗa, ta fito ta ƙasa tas. Shekara goma sha tara yana ƙari yana ragi, har akwatunan suka kai ɗari biyu da sha huɗu, wayoyin suka sarƙe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ba wanda ke gane kan abin sai shi.

To amma akwai abin da Mai Kunne ke ɓoyewa. Shekara biyu ke nan idonsa na tafiya. Likita ya ce jijiyar ce ke gajiya, ba yanar ido ba ce balle a kankare. A gida ya ce wa matarsa tabarau ne kawai ke son canji. A ɗakin aiki kuwa, rubutun da ke jikin akwatunan ya daɗe da zame masa ɗige-ɗige, ga shi tsohuwar manhajar ba ta yarda a ƙara masa girma. Da me yake aiki? Da hannu. Hannunsa ya san inda kowane akwati yake zaune: wannan can sama a kusurwar dama, wancan taku uku ƙasa da shi. Yana murɗa shida ko bakwai da ya saba, sauran kuwa ko da wasa ba ya taɓa su. Ya san ranar da akwati ɗaya ya gusa daga mazauninsa, ranar zai rufe ɗakin ya miƙa wa Tela makulli. Tsoron wannan rana yake ci, shi yake sha.

Ranar Alhamis tsohuwar kwamfutar ta yi wani gurnani, ta ɗauke, ba ta ƙara motsi ba. Mai gyara ya duba ya ce sai dai haƙuri. Sabbin kwamfutoci kuma ba sa karɓar tsohuwar manhajar, don masu ita sun daɗe da nannaɗe tabarmarsu, suka bar ta ga duk mai so. Ga wata malama da za ta zo ranar Litinin a fara naɗar littafi mai babi arba'in. Mai Kunne ya zauna a kujerarsa ya yi tagumi, har Tela ya hawo ya tarar da shi haka.

"Kai kuma lafiya? Kamar wanda aka aiko wa saƙon mutuwa."

"Ai mutuwar ce aka yi," in ji shi, ya nuna kwamfutar da haɓa.

"To ka kira Auta mana. Ka haifi mai maganin abin, ka zauna kana jinya."

Auta ita ce ƙaramar ƴarsa, tana aikin rubuta manhajoji a wani gari mai nisan yini guda. Duk ƙarshen wata yakan aika mata kwafin fulogin ɗin ta ajiye masa, saboda tsaro. Da ya kira ta, maimakon ta jajanta masa, sai ya ji muryarta har da murna.

"Baba, ta huta mu ma mun huta! Kada ka taɓa komai, Asabar ina tafe. Akwai abin da na daɗe ina so in nuna maka."

Asabar da hantsi sai ga ta tana hawa benen da kwali a rungume, tana haki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙe ta hau ture tarkacen tebur tana mita, kamar dai uwarta. Kafin ka ce me ta kafa sabuwar kwamfuta da allo mai faɗin faranti biyu. Sannan ta ja kujera kusa da shi ta yi masa bayani. Ashe ita da wasu mutum biyar, kowa a garinsa, sun yi wata bakwai suna sabunta tsohuwar manhajar ginin nan a lokacin hutunsu. Yanzu tana aiki a kowace kwamfuta. Akwatuna na girma yadda kake so. Kowace waya da launinta. In ka yi kuskure akwai maɓallin komawa baya, har taku ɗari.

"Har ɗari?" in ji Mai Kunne. A tsohuwar, taku ɗaya ne, shi ma sai ta ga dama.

"Har ɗari. Kuma tsaya ka ga babban abin."

Ta buɗe fulogin ɗinsa. Ya matso da fuska. Ko da wannan idon nasa ya ga abin da ya faru. Babu sarƙar nan. Akwatunan sun jeru layi-layi, sahu bayan sahu, wayoyin sun miƙe sambal.

"Maɓalli ɗaya na danna," in ji ta tana washe baki. "Ni na rubuta shi da kaina. Yana kwashe duk hargitsin ya jera. Ka ga yanzu ba sai ka wahalar da kanka wajen nema ba."

Wallahi ya so ya yi murna, kuma wani sashe na zuciyarsa murnar yake yi. Yarinyar nan da ya goya a wannan ɗakin, wadda ke tauna masa wayoyi tana rarrafe, yau ita ce ta tashi abin da masu shi suka binne. Amma ga shi ta share masa gida tas, ta kwashe duk alamomin da yake lalube da su.

"Allah Ya yi miki albarka, Auta," ya ce, kuma har ransa ya faɗa. "Allah Ya ba ki masu yi miki."

"Amin, Baba. Mu gwada?"

Aka kira Tela, don shi ne mai muryar gwaji tun fil azal. Ya hawo da tef ɗin awo a wuya, ya tsaya gaban makirfon ya gyara tsayuwa, ya karanta bayanin da ke jikin kwalin kwamfutar da irin muryar masu labarai. Auta ta mayar da naɗin ta lasifika. Tela ya ji kansa ya ce kai, da ya san haka muryarsa take da bai ƙare a keken ɗinki ba.

Mai Kunne bai yi dariya ba. "Sake sakawa."

Ta sake.

"Akwai ƙas."

"Wane ƙas kuma, Baba?"

"Duk inda ya yi shiru ya ɗauko sabuwar magana, akwai ƙas a bakin kalmar. Ba haka take yi ba."

Auta ta saurara ba ta ji komai ba. Ta buɗe ma'aunai ta nuna masa layuka masu hawa da sauka, shi kuwa ba ganinsu yake ba. Ta ce akwatuna ɗari biyu da sha huɗu cif, ta ƙirga, wayoyi ma ko ɗaya ba ta ɓace ba. Shi dai ya ce ta cire ƙasan muryar ta bar saman kawai, ta ƙara ƙarfi. Ta yi. Sai ga shi, ɗan mitsitsi, kamar an karya tsinken ashana a ɗaki na gaba. Ƙas. Ƙas.

"Innalillahi," in ji Auta. "To daga ina?" Ta turo masa linzamin kwamfutar. "Nuna min inda kake zargi."

Ya ɗora hannu. Hannun ya tafi da kansa can sama kusurwar dama, inda ya saba zuwa shekara da shekaru. Ya danna. Wani akwati ya buɗe wanda bai san ko wane ne ba. Ya rufe, ya gangara taku uku, ya danna. Nan ma baƙo. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Faɗi sunan wanda kake nema, Baba, sai in nemo maka."

Mai Kunne ya ƙura wa allon ido.

Tela ya dafa ƙofa. "Af! Na bar dutsen guga a kan rigar mutane." Ya sauka da sauri irin wadda ba a san shi da ita ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai Kunne ya saki linzamin, ya haɗa hannuwansa a cinya. Ya gaya mata komai: likitan, jijiyar, shekara biyun, da yadda yake aiki da lalube. Ya ce bai san sunan da manhajar ta ba akwatunan ba yanzu, ya manta, wurarensu kawai ya riƙe. Ya ce kada ta ga laifin kanta, aikinta ya yi kyau, shi ne dai ya ƙare. Ya ce ta kira malamar nan ta ba ta haƙuri. Kunya ta hana shi ɗaga kai, shi da ke gyara wa mutane numfashi.

"Baba," in ji Auta. Da faɗa a muryarta. "Kai a ganinka don wa na yi wata bakwai ban huta ba?"

Ya ɗago.

"Kai fa mutum ne da ba ka iya sati ba ka ƙara akwati ko ka cire ba. Duk kwafin da ka aiko min sai na ga sabon abu. Rana ɗaya sai lissafin ya tsaya. Ɗari biyu da sha huɗu, ɗari biyu da sha huɗu, wata ashirin da uku a jere. Na kira Mama na tambaye ta, ta ce ai ita ta sani tun bara waccan, ta ce in rufa maka asiri kamar yadda take rufa maka."

"Mamanku ta sani?"

"Har Kawu Tela. Ka zaci don ado ya shafa farin fenti a bakin kowace matakala?"

Mai Kunne ya juya ya dubi ƙofar benen. Ya tuna ranar da ya tarar da fentin, har ya yi wa Tela tsiya wai ya mayar da bene kamar titin jirgi, Tela ya ce shi dai sha'awa ta ɗebe shi. Ashe shi kaɗai ne a duniyar nan ke ganin ya iya ɓoyo. Abu biyu ya ji a ransa. Daɗi ne, da kunya, amma daɗin ya fi yawa nesa ba kusa ba.

"Ni kuma na zo na yi garin neman gira," in ji Auta, sai ta kama bakinta da ta ji inda karin maganar zai sauka. Shi ya fara fashewa da dariya, ita ta bi, tana share ido da bakin mayafi. "Na zaci in na jera su zai fi maka sauƙi. Ban tambaye ka ba. Ka yafe ni. Kwafin asali yana nan, yanzu zan mayar da kowa mazauninsa. Amma ƙas ɗin nan fa har yanzu ban san uwarsa ba."

"Ai Mai Gadi ne."

"Wane ne Mai Gadi?"

"Wanda ke can dama a sama. Shi ke auna ƙarfin murya ya gaya wa Ɗan Dambe, Ɗan Dambe ya danne. Waya ɗaya ke ciyar da su biyun. Shi ya sa na ajiye Mai Gadi a dama, don a fara ba shi. In aka fara ba Ɗan Dambe, zai kai naushi kafin a gaya masa wa zai buga."

Auta ta juyo. "Sake faɗa."

"Na dama ake fara ba wa. In waya ta rabu biyu, na dama ne farko, sannan na hagu. Kowa ya san wannan."

"Baba, ba wanda ya sani! Ba a rubuce yake ba ko'ina. Mun karanta littafin manhajar daga bango zuwa bango."

"To wa zai rubuta? Da kunne muka gano. Ka matsar da akwati ka ji sauti ya canza, sai ka kiyaye."

Ta dafe kai da hannu biyu. Ta ce mutum huɗu cikin tsofaffin masu amfani da manhajar sun rubuto musu cewa sautinsu ya sauya bayan an jera, su kuma suka yi ta awo ba su ga komai ba, har wani a cikin abokan aikinta ya ce tsufa ne ke damun mutanen. Ashe hargitsin nan da suke sharewa magana ce. Inda mutum ya ajiye akwati, umarni ya bayar.

"Ka ce wa abokin naki tsufan na gaishe shi," in ji Mai Kunne.

Ta ja kwamfutar gabanta ta duƙufa. Shi ya sauka ƙasa ya zauna a bencin Tela. Ba wanda ya ce wa wani komai game da fenti. Ya dai daɗe yana kallon ƙafar Tela na taka keke, can ya ce, "Na gode." Tela ya ce, "Da me?" ya ci gaba da ɗinkinsa, amma sai da layin ya karkace ya farke ya sake.

Bayan azahar ta leƙo ta kira shi. Sarƙarsa ta dawo, kowane akwati a inda ya bar shi, sai dai yanzu manya-manya. Ta ce ta koya wa sabuwar manhajar ta duba wa ke dama wa ke hagu tun lokacin buɗewa, ta liƙa wa kowace waya lamba, ɗaya, biyu, uku, yadda ko an matsar da akwati daga baya layin ba zai rikice ba. Ta mayar da muryar Tela. Mai Kunne ya rufe ido ya saurara har ƙarshe, ya ce a sake, ya kuma saurara.

"Ya tafi," ya ce.

"Saura abu ɗaya. Ɗora linzamin a kan wani akwati."

Ya ɗora. Wata murya daga lasifika ta karanto wasu haruffa da lambobi marasa kan gado. Ya zabura.

"Tana faɗar sunan duk abin da ka taɓa," in ji Auta. "Wannan shi ne abin da na fi daɗewa a kansa. Amma sunayen nan ba naka ba ne. Faɗo naka in rubuta."

Haka suka zauna. Shi yana tafiya da hannu, ita tana bugawa. Mai Gadi. Ɗan Dambe. Matankaɗi. Mai Shara. Gulma, wanda ke ɗago raɗa. Surukai, wasu biyu da ba a haɗa su da waya kai tsaye sai an bi ta wani. Da aka zo kan wanda ba ya barin kowa ya ɗaga murya, ya ce a rubuta Mamanku, Auta ta ce wallahi sai ta kai rahoto. Wasu ya manta aikinsu sam, sai sun kashe su sun saurara sannan ya ce, "Au, kai ne!" kamar ya haɗu da abokin makaranta a kasuwa. Sun kai saba'in da wani abu lokacin da rana ta karkata, Auta ta miƙe tana murza wuya ta ce sauran sai gobe.

Shi bai tashi ba. Hannunsa na kan linzamin, yana yawo da shi a hankali, muryar na bin sa: Mai Gadi, Ɗan Dambe, Matankaɗi. Can ya tsaya a wani fili tsakanin Gulma da Mai Shara.

"Auta. In mutum na son sabon akwati fa?"

"Danna sau biyu a fili. Za ta karanto maka irin da ake da su."

Ya danna. Muryar ta shiga jero su, ya bari har ta zo kan mai dawo da amo, ya zaɓa. Akwatin ya fito fari fat, babu waya ko ɗaya a jikinsa. Ya lalubi gindin Gulma, muryar ta ce Gulma, ya ja waya ya kawo. Ya ja wata daga sabon ya nufi Mai Shara. Auta ta ga inda wayar ta dosa, ta buɗe baki, sai kuma ta rufe.

Ya saki wayar, ya kunna muryar Tela.

Wata irin ƙara ta tashi a ɗakin, ƙiiiii, mai tsinka kunne, har kwalayen ƙwan bango suka ɗauki rawa. Ashe ya zarce Mai Shara ya mayar da wayar can sama, murya na cin kanta. Auta ta yi tsalle ta kashe lasifika. Aka ji Tela na hawowa da gudu yana salati, almakashi a hannu.

"Me ya fashe? Wa ya mutu?"

Mai Kunne na zaune, hawaye na bin kumatunsa, yana dariya har kafaɗunsa na girgiza.

"Ni ne," ya ce. "Ni na ɓata. Alhamdulillahi, shekara biyu rabon da in ɓata wani abu."

Auta ta miƙo hannu za ta danna masa maɓallin komawa baya. Ya kama hannun, ya riƙe shi ɗan lokaci a cikin nasa, sannan ya ajiye mata shi a kan tebur.

"Bari, uwata. Ni zan gyara."